Mota Ɗaya, Kaki Iri-iri: Yadda Rundunar Haɗin Gwiwa Ke Aiki da Abin da Doka Ke Iya Sauyawa

Duk wanda ke bin hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto, ko yake fito da rake daga fadamar Dungu zuwa kasuwa, ya san motar sintiri. Toyota ce mai buɗaɗɗen baya, mutane zaune sun ba juna baya, bindigogi tsakanin gwiwoyi, jarkar ruwa ɗaure a gefe cikin jiƙaƙƙen buhu. Mai wucewa yakan ce "ga sojoji nan" ya ci gaba da tafiyarsa. Amma da zai tsaya ya duba da kyau, zai ga kakin ba iri ɗaya ba ne. Akwai jandarma, akwai gardi mai jar hula, akwai ɗan sanda, wani lokaci har da ɗan duwan da ma'aikacin gandun daji. Wannan shi ne sintirin haɗin gwiwa, kuma a 'yan shekarun nan kusan duk wani sabon shiri na tsaro a Nijar da maƙwabtanta da wannan siffa yake zuwa. Saboda haka idan aka ji gwamnati na shirya daftarin doka kan aikin jami'an tsaro, ya kamata mutum ya san yadda abin yake tafiya tun kafin a taɓa shi, don ya iya gane ko gyara aka yi ko ƙarin nauyi aka ɗora masa.

Mutanen da ke cikin motar nan ba ubangida ɗaya gare su ba. Jandarma da soja suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Ɗan sanda da gardi suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Ɗan duwan na ma'aikatar kuɗi ne, ma'aikacin gandun daji kuma na ma'aikatar muhalli. An raba musu aiki tun asali: ɗan sanda a birni da ƙofofin iyaka, jandarma a karkara da manyan hanyoyi, gardi yana tsaron gidajen kaso da hukumomin mulki da yankunan makiyaya, ɗan duwan yana bin kaya, na gandun daji yana bin itace da namun dawa. Kowanne da dokar da ta kafa shi, da mai yi masa ƙarin girma, da mai hukunta shi idan ya yi laifi.

Dalilin haɗa su ba ɓoyayye ba ne. Gundumar Kance, inda Matamaye da Dungu suke, ƙarama ce a taswira amma cike take da jama'a, ga ta kuma a bakin iyakar Najeriya, Kwangwalam da Mai'aduwa da Daura duk ga su nan kusa. Babu wata hukuma guda da ke da isassun mutane da motoci da man da za ta rufe hanyoyin ɓarauniya ita kaɗai. Ɓarawon shanu kuma bai san rabon aiki ba: yau yana kora dabbobi, gobe yana ɗauke da ƙwayar taramol, jibi yana fasa-ƙwaurin mai. Idan kowace hukuma ta tsaya kan nata, sai ya bi ta tsakaninsu ya wuce. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ni ina ganin gaskiya ce.

Sai dai ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Haɗa jami'ai cikin mota ɗaya yana ƙara yawan bindiga, amma ba ya haɗa ikon da doka ta ba kowannensu. Sojan da ke zaune kusa da jandarma bai zama jandarma ba. A tsarin shari'ar Nijar, wanda aka gada daga Faransa, binciken laifi aikin wasu jami'ai ne na musamman da ake kira OPJ, galibi jandarmomi da 'yan sanda masu muƙami, tare da wasu da doka ta ba wannan matsayi. Su ne ke da ikon tsare wanda ake zargi, su ɗauki bayaninsa, su rubuta takardar da alƙali zai dogara da ita. A wannan aiki kuma ba kwamandansu suke yi wa biyayya ba, mai gabatar da ƙara na gwamnati suke bi. Soja na iya riƙe mutumin da ya kama yana cikin aikata laifi, kamar yadda kowane ɗan ƙasa zai iya, amma dole ya miƙa shi ga OPJ. Ba shi da ikon ajiye shi a bariki yana yi masa tambayoyi.

A ce an tare wani ɗan Dungu da dare a kan babur, ɗauke da kwali biyu da ake zargin ƙwaya ce. Idan an bi ƙa'ida, za a kai shi ofishin jandarma ko na 'yan sanda. Jami'in zai buɗe babban littafin tsarewa ya rubuta sunansa, da ranar, da ƙarfe nawa aka kama shi, da dalili. Zai ƙirga kayan a gabansa, ya ɗaure ya buga hatimi. Zai zauna gaban na'ura ya yi masa tambayoyi, ana fassarawa daga Hausa zuwa Faransanci, a karanta masa abin da aka rubuta, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Tun daga sa'ar da aka rubuta a littafin nan agogo ya fara tafiya: a galibin laifuka awa 48 doka ta bayar, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara, daga nan sai kotu ko saki. Dokar ma ta ce a haɗa shi da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba. Wannan layi ɗaya na littafi, mai ɗauke da rana da sa'a, shi ne kariya mafi girma da talaka ke da ita. Da shi ne uwa za ta san inda ɗanta ya kwana, da shi ne lauya zai ce wa alƙali an wuce wa'adi.

To, a sintirin haɗin gwiwa nan ne ɓaraka ke fara shiga. Motar na iya kwana biyu a daji kafin ta dawo gari. Yaushe agogon ya fara, lokacin da aka ɗaure hannunsa ko lokacin da aka sauke shi a ofis? Idan babu OPJ a cikin motar, wa ya ga kayan da idonsa a wurin da aka kama su? Idan an mari mutum, a wane ofishi zai kai kuka, alhali kowace hukuma na iya cewa ba nata ba ne? Na sha jin mutanen karkara suna cewa "an tafi da shi", ka tambaye su wa ya tafi da shi, su ce masu kaki. Daga nan dangi su fara zagaye, daga jandarma zuwa 'yan sanda zuwa barikin gardi, kowa na cewa a duba gaba. Wani lokaci ba mugunta ba ce, tsarin ne bai fayyace ba. Amma ga wanda ɗansa ya ɓace kwana uku, bambancin ba shi da yawa.

Batun shugabanci ma haka yake. A matakin gunduma akwai majalisar tsaro da shugaban gunduma ke jagoranta, inda kwamandojin hukumomin nan ke zama, akan gayyato hukumomin gari da sarakuna. A nan ake tsara inda sintiri zai bi. Shugaban gunduma mai mulki ne, yana iya cewa a je wuri kaza a tsare kasuwa, amma ba shi da ikon cewa a tsare wane ko a saki wane, wannan na shari'a ne. A cikin mota kuwa yawanci mai babban muƙami ne ke ba da umarni, ko daga wace hukuma ya fito. Ka ga ke nan ɗan sandan da ke cikin motar yana da iyayengiji uku a lokaci guda: kwamandan sintiri, da shugaban ofishinsa, da mai gabatar da ƙara. Idan maganarsu ta zo ɗaya, lafiya lau. Idan ta saɓa, sai ya bi wanda ya fi jin tsoro.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika son faɗa ba. Dokar duwan da dokar gandun daji ta 2004 sun yarda a sasanta wasu laifuka da tara ba tare da an je kotu ba. Wanda aka kama da buhunan fasa-ƙwauri, ko wanda ya sare gawo ba da izini ba (ƙasar Matamaye kuwa ta shahara da gawo a gonaki), zai iya biyan tara ya karɓi rasit, magana ta ƙare. Wannan iko na ɗan duwan ne da na gandun daji kaɗai, kowanne a fagensa. Amma idan an taho a mota ɗaya, mai kaya ba ya bambance wanda ke da ikon karɓar tara da wanda ba shi da shi. Abin da zai raba masa gardama shi ne rasit mai lamba da hatimi. Kuɗin da aka karɓa ba rasit bai shiga baitulmali ba, ko wane irin kaki mai karɓar ya sa. Tun da gwamnati ta hana fitar da hatsi zuwa waje a watan Oktoba na 2024, in ban da Mali da Burkina Faso, wannan batu ya ƙara shafar mutanen bakin iyaka kai tsaye, domin buhun gero da wake da ake ɗauka a amalanke ya zama abin da za a iya tarewa a tambayi inda za shi.

Ban da sintirin da ake haɗawa a warware, akwai rundunonin haɗin gwiwa na dindindin, waɗanda doka ta kafa da suna da ofis. Hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, OCRTIS, tana tattara ma'aikata daga hukumomin tsaro daban-daban, kuma ita ce ta kama tan 17 na tabar wiwi a Yamai a watan Maris na 2021. Haka ma hukumar yaƙi da ta'addanci da aka kafa a 2011, wadda ta haɗa 'yan sanda da jandarmomi da gardi ƙarƙashin shugaba ɗaya, tana kai shari'o'inta gaban alƙalai na musamman a Yamai. Waɗannan sun fi sintiri tsari, don an san shugabansu, an san littafinsu. Amma doka ta ba su abin da ba ta ba wasu ba. A shari'ar ta'addanci wa'adin tsarewa kwana 15 ne, ana iya sabunta shi sau ɗaya. Mutumin da aka kama a Damagaram ana iya kai shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, inda danginsa ba su da masauki balle lauya. Sunan da aka ba laifin a sa'ar farko shi ke yanke ko mutum zai yi kwana biyu a Matamaye ko wata guda a babban birni kafin ya ga alƙali. Shi ya sa wanda ke rubuta wannan suna ya kamata ya zama mutumin da aka horar, aka kuma san shi.

Mutanen Kance sun ga yadda doka ke juya aikin irin waɗannan rundunoni, sun gani a jikinsu. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Yara 52 ne, mata 33, maza 7, kuma akasarinsu daga wannan yanki suka fito. Ƙasa ta yi makoki na kwana uku. Bayan haka, da matsin lambar Turai a kai, majalisa ta amince da dokar hana safarar baƙin haure ta 26 ga Mayu 2015, mai lamba 2015-36, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da ƙwace mota. Daga 2016 aka fara aiki da ita gadan-gadan, lokacin Mohamed Bazoum na ministan cikin gida, a 2017 kuma aka kafa wata tawagar bincike ta haɗin gwiwa tsakanin 'yan sandan Nijar da na Faransa da Sifen da kuɗin Tarayyar Turai. An kama direbobi, an jibge motoci a Agadas. Jami'an ba su sauya ba, motocin sintiri ba su sauya ba, amma abin da suke nema a hanya ya sauya cikin dare ɗaya. Masu suka sun ce dokar ta tura direbobi bin hanyoyin da ba rijiya don kauce wa shinge, ta kuma ci karo da 'yancin zirga-zirga na ƙasashen yammacin Afirka. Masu goyon baya sun ce ta rage jefa mata da yara cikin halaka. Ranar 25 ga Nuwamba 2023 shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu ya soke ta, har da shafe hukuncin waɗanda aka ɗaure a ƙarƙashinta. Aikin da jiya ake ɗaure mutum shekara biyar saboda shi, yau ya daina zama laifi a wannan doka, ko da yake dokar hana fataucin mutane ta 2010 tana nan daram, kuma ita ce ta shafi mai kwasar yaran mutane zuwa bara.

A ƙetaren iyaka an yi wani gwajin da shi ma ya taɓa aljihun mutanen Dungu. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ta kafa runduna mai haɗa kwastan da jami'an shige da fice da soja da 'yan sanda ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba majalisa ce ta kafa ta ba, umarnin shugaban ƙasa ne. Har aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Shingaye suka yawaita a hanyar Daura da ta Jibiya, koke-koke suka yi yawa, kuma da wuya mai kuka ya san ƙofar da zai buga. An fara buɗe wasu iyakokin a watan Disamba na 2020, rundunar ta ci gaba da wani suna, sai a ƙarshen 2024 hukumar kwastan ta sanar da rushe ta. Abin da umarni ya kafa, umarni ke rushe shi, kuma tsakanin kafawa da rushewa babu wata takarda da talaka zai riƙa ya ce ga iyakar ikonku.

Yaya daftari ke zama doka? Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ma'aikata ce ke rubuta shi, majalisar ministoci ta amince, a aika majalisar dokoki mai kujeru 171, kwamiti ya duba, a yi muhawara a fili, a kaɗa ƙuri'a, shugaban ƙasa ya sa hannu, a buga a jaridar gwamnati. A wannan hanya ɗan majalisar yankinka na iya miƙewa ya ce sashe kaza zai cuci mutanena. A zamanin shugabancin Bazoum wani kwamitin masana ya sake nazarin kundin laifuka da kundin tsarin shari'ar laifuka, wanda shi ne ke ɗauke da dukan ƙa'idojin kamu da tsarewa, ya miƙa daftarinsa a 2023, amma aka rushe majalisa kafin ta kaɗa ƙuri'a a kai. Tun daga juyin mulkin, doka na fitowa ne da sa hannun shugaban ƙasa bayan zaman ministoci. Kundin mulkin da aka ƙaddamar ranar 26 ga Maris 2025 ya tanadi majalisar tuntuɓa, amma tata shawara ce, ba yanke hukunci ba. Hanyar ta gajarta ƙwarai. A cikinta ne aka kafa sabuwar rundunar kare rijiyoyin mai da bututu da ma'adinai a 2024, aka sanar da rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, mai soja 5,000 a watan Janairu na 2025, Nijar kuma ta fice daga rundunar tafkin Chadi a watan Maris na 2025. Gajeriyar hanya na da sauri, lokacin yaƙi kuwa sauri na da amfani. Amma tana rage idanun da ke karanta daftari kafin ya hau kan mutane, don haka nauyin karantawa ya koma kan sarakuna da lauyoyi da 'yan jarida da ƙungiyoyin 'yan kasuwa.

Idan irin wannan daftari ya zo hannu, ni abin da zan fara nema a ciki shi ne ko ya wajabta sa OPJ a kowace motar sintiri, da sunansa a rubuce a takardar fita. Wannan ba sabon abu ba ne. Rundunar G5 Sahel, kafin Nijar ta fice daga cikinta a watan Disamba na 2023, ta tanadi jandarmomi masu ikon bincike da ke tafiya tare da bataliyoyin soja, aikinsu su karɓi wanda aka kama, su adana shaida, su kuma rubuta laifin sojan kansa idan ya yi. Tsarin bai yi aiki yadda aka so ko'ina ba, amma tunanin daidai ne, kuma ya fi sauƙi a gunduma irin Kance inda kotu ba ta da nisa. Sannan zan duba ko daftarin ya ce agogon tsarewa na farawa daga lokacin kamu, ba daga lokacin isowa ofis ba, da ko ya wajabta a sanar da dangi inda mutum yake. Idan na ga ya tsawaita wa'adin tsarewa, ko ya ba wanda ba OPJ ba ikon bincike, ko ya yi wa jami'ai kariya daga tuhuma saboda suna cikin aikin haɗin gwiwa, to a nan zan dage in ji hujja, don irin waɗannan sassa da sunan na ɗan lokaci suke shigowa, kuma ba kasafai suke fita ba.

Akwai abin da jami'an kansu ke buƙata daga doka, kuma adalci ne a faɗe shi. Ƙaramin gardi da aka tura daji ba isasshen mai, ba alawus a kan lokaci, ba takardar da ta bayyana masa iyakar ikonsa, an ajiye shi ne a inda kuskure ke da sauƙi. Dokar da ta fayyace wanda ke ba da umarni tana kare shi ranar da abu ya ɓaci, don ba za a bar shi shi kaɗai da laifin da manya suka sa shi ba. Dokar da ta ware kuɗin man sintiri a kasafi tana raba shi da kallon aljihun mai babur. Kuma sai jama'a sun yarda da motar nan sannan za su gaya mata inda ɓarayi suka kwana, labarin da babu na'urar da za ta kawo shi.

Saboda haka kirana ga masu garin ƙasar Dungu da sarakunan Kance da duk wanda ke da kujera a majalisar tsaro ta gunduma shi ne kada su jira sai an buga doka a Yamai. Tun yanzu suna iya neman a riƙa sanar da su sunan kwamandan kowane sintiri da OPJ ɗin da ke cikinsa, a kuma ware ofishi ɗaya a Matamaye inda dangin wanda aka kama za su je su ji inda yake a rana ɗaya. Kai kuma mai karatu, idan an tare ka, ka tsaya cikin ladabi, ka nuna takardunka, ka riƙe rana da sa'a a ranka, ka tambayi ofishin da za a kai ka, kuma kada ka biya tara ba tare da rasit ba.